Yadda Za Ka Ƙara Wa Tsohuwar Motar Gudu Ƙarfi A Kano Ba Tare Da Kayanta Sun Talauta Ka Ba

Duk wanda ya ajiye Nissan 350Z, ko Honda S2000, ko Toyota Celica, ko Mazda RX-8 a garin nan, ya san ranar da aka fara gaya masa kuɗin kuloci ko shokozoba ya ɗauka wasa ake. Motocin nan duk an daina ƙera su: Celica ta tsaya a 2006, S2000 a 2009, RX-8 a 2012, Supra mai injin 2JZ kuwa tun 2002. Su kuma kayan ƙara musu ƙarfi, irin na kamfanonin Japan HKS da GReddy da Tein da Spoon, kullum gaba kuɗinsu yake yi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A shekara goma da Honda ta yi tana ƙera S2000, abin da ta fitar duka-duka dubu 110 ne da 'yan kai. Corolla kuwa ta haura miliyan 50 tun 2021. Kamfanin da zai zana salansar mota ya gwada ta, kuɗi ɗaya zai kashe ko ta Corolla ce ko ta S2000, amma ɗaya miliyoyin mutane ne za su raba masa kuɗin, ɗayar kuma 'yan tsiraru. In kayan suka ƙare a sito, ba lallai ya sake yin wasu ba, sai ya zama abin da ya rage a hannun mutane shi ake rububi. Ga kuma dokar Amurka da ta ba da damar shigar da duk motar da ta cika shekara 25, wadda ta sa masu dala suka afka wa tsofaffin motocin Japan da kayansu. Mu a nan sai naira ta ƙara mana nata: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta wuce 1,500.

Ba ka da iko a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ke hannunka shi ne abin da za ka saya, da sunan da za ka saye shi, da wanda za ka fara saya.

Mataki na farko: rubuta lambobin motarka

Kafin ka buɗe kowane shafin sayayya, ɗauki biro. Rubuta lambar VIN, wato lambar shaidar motar, mai harufa da alƙaluma 17, wadda take ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Rubuta lambar samfurin jikin motar: Z33 ce 350Z, AP1 ko AP2 ce S2000, SE3P ce RX-8, Celica ta ƙarshe kuma ZZT230 ko ZZT231. Sannan lambar injin.

Kada ka dogara da takarda a kan injin. Motar da ta shekara ashirin tana yawo tsakanin Kwatano da Legas da Kano, mai yiwuwa injin da ke cikinta ba shi ne ta fito da shi ba. Buɗe bonet ka duba da idonka. A 350Z, alal misali, in ka ga akwatin iska ɗaya da bututu ɗaya, VQ35DE ne, na 2003 zuwa 2006. In ka ga biyu, hagu da dama, VQ35HR ne na 2007 da 2008. Bututun shaƙar iska na wannan ba ya hawa wancan, kuma mai sayarwa a Amurka ba zai karɓi kayansa daga Kano ba bayan sun ƙetare teku.

Akwai wani tarkon da ya fi kama masu sayayya daga Japan. Motocinsu sitiyarin dama ne, namu na hagu. Bututun hayaƙin da ke fitowa daga jikin injin, in an lanƙwasa shi don motar dama, yana iya cin karo da sandar sitiyarinka. Fitilun gaba ma haskensu ɓangaren da bai dace da hanyarmu ba yake karkata. Duk abin da ya kusanci sitiyari ko fedar birki, ka tambaya na wane hannu ne.

Mataki na biyu: fara mayar da motar yadda take

Yawancin masu cewa motarsu ba ta ja, ba ƙarin ƙarfi take buƙata ba, nata ne ya zube a hanya. Kai ta wajen mai na'ura a karanta kwamfutarta, a kuma auna matsin kowace silinda. In ɗaya ta yi ƙasa da 'yan'uwanta sosai, ajiye zancen turbo, fankar nan mai tura wa injin ƙarin iska, ringi ko bawul ne a gabanka. Mai RX-8 ya lura: injinta ba mai fistin ba ne, awon matsinsa na'ura ta daban yake so, kuma cin baƙin mai kaɗan-kaɗan ɗabi'arsa ce tun daga kamfani, don haka a riƙa duba sandar mai. Kwayil da fulogi su ne suka fi saurin gajiya a jikinta.

Sai batun zafi, wanda a Kano shi ne uban komai. A watan Afrilu ana haura digiri 40, ga cunkoson Kantin Kwari ko Kofar Wambai inda mota za ta daɗe tana tsaye injin na aiki. Duba ko wani bakanike a baya ya cire abin nan mai daidaita zafin ruwa ya jefar, ya kuma haɗa fanka kai tsaye. Al'ada ce a garejojinmu, kuma ban taɓa yarda da ita ba: kwamfutar motar tana lissafin mai ne da zafin injin, in injin bai kai zafin da aka tsara masa ba sai ta yi ta ɗura mai. Mayar da shi. Zubar da ruwan rijiyar da ke cikin lagireto, a wanke, a zuba ruwan lagireto na gaske. In lagireton ya tsufa, sabo mai kauri na alminiyom, irin na kamfanin Koyorad, shi ne kayan ƙari na farko da ya cancanci dalarka.

Mataki na uku: nemo dangin motarka

Nan ne kuɗi suke tsira, don haka zan daɗe a nan.

Kamfanonin mota ba sa ƙera kowane noti daga farko saboda motar gudu. Sukan ɗebo daga motocin gida. Celica GT ta ƙarshe da MR2 Spyder, injinsu 1ZZ-FE ne, wanda yake cikin Corolla ta 2003 zuwa 2008, da Matrix, da Pontiac Vibe da ta cika titunanmu. Celica GT-S mai 2ZZ-GE tana da 'yan'uwa a Matrix XRS da Vibe GT da Corolla XRS. Ita 350Z, ƙashin bayanta ɗaya da Infiniti G35, kayan ƙafa da na injin da yawa suna hawa juna. VQ35DE yana cikin Murano da Maxima da Altima ma, sai dai a can a gicciye aka kwantar da shi, saboda haka ƙananan kaya ne ake iya dacewa da su, ba injin sukutum ba. Mai Supra kuma ya san Lexus GS300 da IS300 na wancan zamanin 2JZ-GE suke ɗauke da shi. Ba shi ne mai turbo ba, amma gida ɗaya suka fito.

S2000 da RX-8 su ne marayu. Injin F20C da F22C na S2000 ba a sa su a wata motar kasuwa ba, haka Renesis na RX-8. In ɗayansu ce a gidanka, cikin injin sai dai daga waje, ka sa wannan a lissafi tun yanzu.

Ga yadda ake binciken. Shiga shafin intanet na PartSouq ko Amayama, sa lambar VIN, za a buɗe maka zanen motar gunduwa-gunduwa, kowane abu da lambarsa. Kwafi lambar abin da kake nema ka sake nemanta ita kaɗai, ka ga waɗanne motoci ne suke amfani da ita. In Corolla ko G35 ta fito, to ka huta da jirgi. Ɗauki tsohon naka a leda, da lambar a rubuce, ka nufi kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa.

A can kuma ka iya bakinka. Ka ce, "Alhaji, kwayil ɗin Corolla nake nema, ga lambarsa," a ba ka farashin Corolla. Ka kuskura ka ce, "Na wata Celica ce mai ƙofa biyu," sai ka ji an ce, "Ai ranka ya daɗe wannan ba a samunsa, sai dai in aika Legas," kuma abin yana kan kanta a bayansa. Ɗora sabon a kan tsohon, ƙirga ramukan noti, duba bakin soket. Abin da babu a Kano, a tambaya Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas kafin a yi zancen ƙasar waje.

Haka nan ka san masu yi wa kamfanonin kaya. Denso, NGK, Aisin, KYB, Exedy, su ne suke ƙera da yawa daga abin da ake sa wa kwalin Toyota ko Nissan. A kwalinsu na kansu sukan fi sauƙi.

Wili ma haka. 350Z da RX-8 da Supra ramukan noti biyar ne a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3, daidai da Camry da Accord. Celica ta ƙarshe biyar ne a kan 100, irin na Vibe. Abin da ake mantawa shi ne ramin tsakiya: na Toyota masu 114.3 milimita 60.1 ne, Nissan 66.1, Mazda 67.1. Wilin da raminsa ya fi faɗi ana cike shi da zobe, wanda ya fi ƙanƙanta kuwa ba zai zauna ba. A gwada a jikin motar, a juya da hannu a ga bai taɓa birki ba, sannan a biya.

Mataki na huɗu: raba abin da kake so gida uku

Kashi na farko, wanda ranka yake rataye da shi: taya, takalmin birki, man birki, kuloci, famfon mai, nozul, da duk ƙarfen da ke riƙe ƙafar mota. Nan sayen nagari mayar da kuɗi gida ne. Kuma sau da yawa ba sai ka sayi babban birkin Brembo ba. Takalmi mai jure zafi, da tiyo mai saƙar ƙarfe, da sabon man birki mai lamba DOT 4, da taya mai kyau, za su canza tsayuwar motar fiye da yadda kake zato, a kan ɗan kaso na kuɗin.

Kashi na biyu, wanda Kano za ta iya yi maka. Salansa ita ce babba. Abin da kake biya a salansar kamfani rabinsa suna ne da kuɗin jirgi. Sayo tukunyar ƙarshe kaɗai daga waje, da gwiwoyin bututu waɗanda aka riga aka lanƙwasa a masana'anta, sauran a haɗa a nan. Nemi bututun silba mai lamba 304, ka je da maganaɗisu a aljihu. In ya manne da ƙarfi, ba shi ba ne. Nemi mai waldar agon, ka ce ya nuna maka aikin da ya yi a baya, ka dubi ɗinkin ko ya tafi sumul. Kada ka bari a lanƙwasa bututu da wuta har ya tsuke a gwiwa, nan ƙarfin yake maƙalewa. Injin lita 1.8 marar turbo, bututu mai faɗin inci biyu da kwata zuwa biyu da rabi ya ishe shi. In aka zarce, ƙara ce za ta ƙaru kawai, maƙwabta su tsane ka a banza. Indomin motar kuma, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, a bar shi a wurinsa, ka kuma tsaya a kan aikin har a gama, don abu ne mai kuɗi da yake da ƙafa. Garkuwar zafi, maƙalai, gyaran bamba, ɗinkin kujeru, duk na gida ne.

Kashi na uku, wanda ya kamata ka haƙura da shi, ko ka jinkirta. Turbo yana kan gaba, kuma dalilin fetur ne. Littafin 350Z da S2000 fetur mai lamba 91 suke nema a ma'aunin ingancin fetur na Amurka, wanda ya yi daidai da wajen 95 a ma'aunin RON da ake amfani da shi a nan. Namu ƙa'idarsa 91 ce a RON, wato daidai da ƙaramin ajin fetur a Amurka, kuma famfo ɗaya ne ga kowa. Motar da tun a haka take lallaɓawa, ka ɗora mata turbo a zafin Afrilu, fistin ne zai biya. Sai saukar da mota ƙasa-ƙasa. Tana kyau a hoto, amma tudun rage gudu na unguwa da ramukan damina ba su san hoto ba. In za ka sa shokozoba mai daidaituwa, sauke ta kaɗan, ka bar wa tukunyar baƙin mai sarari.

Mataki na biyar: lissafa kuɗin har ƙofar gareji

Farashin da ka gani a shafin sayayya irin eBay ko RockAuto somin-taɓi ne. Jiragen kaya ba nauyi kaɗai suke aunawa ba, har girman kwali. Masu saurin kai kaya irin DHL sukan ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita su raba da 5,000. Ɗauki kwalin salansa mai 120 da 40 da 30: ya ba da 144,000, a raba, kilo 28.8 ke nan. Ko da salansar kilo 12 ce a sikeli, kuɗin kusan kilo 29 za ka biya. Shi ya sa bamba da bonet da salansa ba kayan jirgin sama ba ne. Ƙananan abubuwa masu tsada, kamar nozul da na'urorin lantarki, su ne na sama. Manya a bi da su ta ruwa, a kwantenar masu kawo motoci, a kuma rubuta su a takardar kaya yadda suke.

Daga nan ka ɗora kuɗin fito. Kwastam suna lissafi ne a kan kuɗin kaya haɗe da na dako da inshora, a farashin canjinsu na ranar, sannan harajin VAT na kashi 7.5 ya hau. Sa ladan ejan, sa kuɗin mota daga Legas in ba a filin jirgin Malam Aminu Kano kayan za su sauka ba. Dalar ma ka lissafa ta a yadda za ka same ta da gaske, ko a banki ko wajen 'yan canji a Wapa, ka ƙara wani abu saboda tana iya motsawa kafin kaya su iso. Tambayi mai dakon tun da wuri ko yana ɗaukar shokozoba, don masu iskar gas a ciki wasu jiragen ba sa karɓa. Kayan hannu kuma sai an tsiyaye mansu.

In kun kai ku uku ko huɗu masu irin motocin nan, ku haɗa oda. Kwali ɗaya, ejan ɗaya.

Wajen nema, gwanjon Yahoo na Japan ta hannun shafin Buyee mai saya maka ya aiko, da shagunan Up Garage, nan ne kayan ƙari na hannu suka fi yawa. Car-Part.com yana haɗa ka da masu ɓare motoci a Amurka. Wanda yake da ɗan'uwa mai zuwa Dubai, unguwar masana'antu ta Sharja cike take da injuna da rabin motoci daga Japan. Kafin ka biya kuɗin gwanjo a kan tsohon abu, duba ko kamfanin ya dawo da ƙera shi: Nissan ta fara hakan a 2017 da Nismo Heritage don Skyline GT-R, Toyota tana da GR Heritage Parts don Supra A70 da A80, Mazda ma ta dawo da wasu kayan RX-7. Biya kuma ta hanyar da za a iya dawo maka da kuɗinka. Wanda ya ce a Instagram ka tura masa kai tsaye zai rage maka, bar masa ragin.

Mataki na shida: duba kayan hannu kamar mai neman aibu

In mai sayarwa yana nesa, ka ce ya ɗauki bidiyo da takarda mai sunanka a gefen kayan. In a gabanka suke, ga abin dubawa.

Shokozoba: goge sandar da farin ƙyalle. In ka ga jiƙar mai, ta fara zuba. Bi sandar da farce, ko ɗan ƙurji ɗaya zai cinye robar da ke riƙe man. Danna ta ƙasa ka sake ta, ta dawo a hankali ba tare da tsalle ko tsayawa ba. Gwada juya zoben da ake ɗaga mota da shi. Kayan da suka fito daga ƙasashen ƙanƙara gishirin hanya yakan ci su har zoben ya ƙame. Sannan ka tambaya ko samfurin ana iya buɗe shi a sabunta, don wanda ba a iya wa haka, ranar da ya zuba ya gama.

Turbo, in ka nace sai ka sa: kama tsakiyar fankar da yatsa biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, muddin fuka-fukan ba sa taɓa bango. Motsi ciki da waje kuwa, ajiye. Haska tocila ka ga ko bakin fuka-fukan ya ci.

Jabu ya fi yawa a fulogi da famfon mai da wili. Akwai ma murfin roba ja mai sunan Brembo da ake manna wa birki, wanda ban da riƙe zafi ba abin da yake yi. Taya kuma karanta alƙaluma huɗun ƙarshe na lambar DOT da ke jikinta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Zanen taya yana iya zama cike alhali robar ta bushe, kuma kwaltar Kano da rana tsaka ba ta yafe wa busasshiyar taya.

Mataki na bakwai: ɗaura ɗaya-ɗaya

Kada ka zube wa bakanike kaya biyar rana ɗaya. Sa ɗaya, yi mako kana hawa, ka saurara, sannan na gaba. In fitilar injin ta kama, ka san wanda ya jawo. Jerin da nake bi: sanyaya injin, birki da taya, ƙafa, salansa, sai kwamfuta a ƙarshe. Matatar iska buɗaɗɗiya mai kama da mazurari, a bar ta. Da hunturu ƙura za ta sha, da bazara kuma iskar zafin cikin bonet. Akwatin kamfani da matata mai kyau ya fi mata.

Saitin kwamfuta yana da kayansa: UpRev ga su 350Z da G35, Hondata FlashPro ga S2000 ta 2006 zuwa 2009. Akwai masu yin saitin daga nesa, kai ka ɗauko bayanan tafiyar motar ka tura, su gyara su dawo maka da shi. Gaya wa mai saitin gaskiyar man da kake sha da zafin garinku, ka ce ya bar maka rata. Kada ka sauko da saitin da wani ya yi wa man 93 na Amurka ka ɗura wa motarka. In ka taka totur ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ɗaga ƙafarka nan take. Gwajin kuma a nemi fili killatacce, ba titin Zoo Road ko Zariya Road da mutane ke tsallakawa ba.

Duk abin da aka kwance daga motar, naka ne, ka karɓa kafin ka bar garejin, har notinansa. Yaran gareji sukan ɗauka shara ce, washegari ta tafi wajen 'yan gwangwan a kilo. Akwatin iska na asali, salansar kamfani, shokozoba, wili, waɗannan su ne ba a ƙerawa yanzu, kuma mai sayen irin motar nan yakan fi ba da kuɗi in ya ga suna nan. Wanke su, shafa wa ƙarfen mai, toshe bakin bututu da tsumma, naɗe a leda mai kauri, rubuta sunan kowanne da lambarsa a jiki, ka ɗora su a kan katako a ɗakin da ruwan damina ba ya shiga.